Tsakanin Tuta Da Mai Riƙe Da Ita

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata muhawara ce da ta kaure a tsakaninmu a unguwar Kampung Baru, wadda ta hana ni barci kwana da kwanaki, har na ga gara in baje ta a faifai kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Ga wanda bai san wurin ba, Kampung Baru tsohuwar unguwar Malayawa ce a tsakiyar Kuala Lumpur, wadda aka keɓe musu tun wajen 1900. Har yanzu akwai gidajen katako a cikinta, ga kuma tagwayen benayen Petronas suna leƙo su ta sama. Mukan haɗu a can bayan sallar isha'i, mu ci shinkafar da suke kira nasi lemak, mu sha shayi, mu taɓa hirar gida. A daren da nake magana, rumfar da muka zauna an rataya mata tutar Falasɗinu, kamar yadda aka saba gani a wurare da dama a ƙasar nan. Sai wata 'yar uwa daga Maraɗi, wadda take koyon kokawar judo a jami'arsu, ta dubi tutar ta ce, "Yayyena, ina da tambaya. Da a ce wata rana ƙuri'a ta haɗa ni da 'yar Isra'ila, in hau tabarma ko in janye? In kuma na hau, in gaishe ta ko in juya mata baya?"

Wani ɗan uwa daga Katsina bai bari ta rufe baki ba. Ya ce, "Haba ƙanwata, wannan ma abin tambaya ne? Hannun da ya riƙe waccan tuta ai ba abin taɓawa ba ne." Ni kuma na ce ban yarda abin yana da sauƙi haka ba. Daga nan fa zance ya yi tsawo.

Tambayar tata ba ta shaci-faɗi ba ce, domin judo shi ne wasan da Isra'ila ta fi samun lambobi a cikinsa a gasar Olamfik, kuma mace ce ta buɗe musu ƙofa. Sunanta Yael Arad, an haife ta a Tel Aviv a 1967. A 1992, a Barsalona, shekarar da aka fara ba mata lambobin judo a hukumance, ta kai wasan ƙarshe a ajin kilo 61, ta sha kaye a hannun Catherine Fleury ta Faransa, ta tashi da lambar azurfa. Wannan ita ce lambar Olamfik ta farko da ƙasarta ta taɓa samu, ta kuma sadaukar da ita ga 'yan tawagarsu 11 da aka kashe a gasar Munik ta 1972. A 1993 ta zama zakarar Turai, a 2021 kuma aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na Isra'ila. A bayanta aka sami irin su Raz Hershko, wadda ta ci azurfa a Paris a 2024.

Ita wannan Hershko ita ce ta sa tambayar ta zo kusa da mu. A gasar Tokiyo ta 2021, ƙuri'a ta haɗa ta da wata budurwa 'yar Saudiyya, Tahani Alqahtani. Mutane da yawa suka yi ta kiran Tahani ta janye. Ba ta janye ba. Ta hau, aka kayar da ita, suka sha hannu, kowa ta kama gabanta. A wannan gasa dai, Fethi Nourine na Aljeriya ya janye don kada ya haɗu da Tohar Butbul na Isra'ila, hukumar judo ta duniya ta dakatar da shi da mai horar da shi shekara 10. Kafin su kuma, a Rio a 2016, Islam El Shehaby na Masar ya yi wasan, ya sha kaye, amma ya ƙi karɓar hannun da Or Sasson ya miƙa masa. Musulmi uku ke nan, hanya uku. Wace ce daidai?

Adalci ne in fara kawo hujjar ɗan uwana Bakatsine, don tana da nauyi. Ya ce masu cewa a raba wasa da siyasa su ne suka fi kowa haɗa su. Rasha ta afka wa Yukren a 2022, nan da nan aka hana tutarta shiga manyan gasanni. Amma bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, Isra'ila ta yi wa Gaza ruwan wuta, dubun-dubatar mutane suka hallaka, cikinsu har da mata da ƙananan yara masu yawa, duk da haka tutarta ta yi fareti a Paris. Ya tuna mana da Majed Abu Maraheel, mutumin da ya fara riƙe tutar Falasɗinu a Olamfik, a Atlanta a 1996, wanda ya rasu a Gaza a 2024 da ciwon ƙoda, a lokacin da yaƙi ya durƙusar da asibitoci. Ya ƙara da cewa a Isra'ila aikin soja dole ne a kan mafi yawan matasa, maza da mata, saboda haka raba ɗan wasa da gwamnatinsa ba abu ne mai sauƙi ba.

Sannan ya kawo tarihinmu. A 1976, wata guda bayan kisan ɗalibai a Soweto, ƙasashen Afirka fiye da 20, ciki har da Najeriya da Nijar, suka ƙaurace wa gasar Montreal saboda 'yan ƙwallon zari-ruga na New Zealand sun je wasa Afirka ta Kudu. An hana gwamnatin wariyar launin fata shiga Olamfik tun 1964, ba ta dawo ba sai a Barsalona a 1992, wato gasar da Yael Arad ta ci lambarta. Ya ce in ƙauracewa ta halatta a wancan lokaci, me ya haramta ta yanzu?

Ban musa masa ko ɗaya ba. Abin da na ce shi ne, a duba yadda iyayenmu suka yi tasu ƙauracewar. Gwamnatoci ne suka zauna suka yanke shawara, suka bayyana dalilinsu a fili, suka ɗauki asarar tare. Tuta suka nufa, da hukumar da ta ɗaga ta. Ba su tura yaro ɗaya gaban bainar jama'a suka ce ya tofa wa abokin karawarsa yawu a madadinsu ba. Ƙasar da muke zaune a cikinta ma haka ta yi. Fasfon Malesiya a rubuce yake cewa yana aiki a kowace ƙasa ban da Isra'ila. A Janairun 2019, zamanin Mahathir Mohamad, aka ƙwace mata gasar ninƙaya ta duniya ta naƙasassu da za a yi a Kuching, aka mayar Landan, saboda ta ƙi ba 'yan Isra'ila izinin shiga. A ƙarshen 2021 aka soke gasar sukwash ta duniya a nan Kuala Lumpur kan wannan dalili. Mutum zai iya cewa hana naƙasasshe yin ninƙaya ba shi ne zai tsayar da jirgin yaƙi ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma dai gwamnati ce ta yanke, ita ce kuma ta biya.

Inda abin yake damuna shi ne ranar da manya suka noƙe, ana ta ciniki da zumunci a bayan fage, sannan a juyo kan yarinya irin Tahani a ce ita ce za ta ɗauki mutuncin al'umma duka a ka. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wanda ya zaɓi janyewa don kansa, kamar Nourine, ya san abin da zai rasa ya kuma yarda, ba ni da bakin zaginsa. Amma mu da muke zaune muna shan shayi, ba mu da ikon wajabta wa wani sadaukarwar da ba mu yi kwatankwacinta ba.

Saura maganar gaisuwa, kuma a nan ne abin ya taɓa ni a karan kaina. Lokacin da na zo ƙasar nan ina neman ɗakin haya, na yi magana da wani mai gida ta waya, muka daidaita kan kuɗi, har ya ce in zo gobe. Da ya tambayi ƙasata na ce Najeriya, sai ya yi shiru, can ya ce ba ya ba 'yan Najeriya haya. Bai san sunan mahaifina ba, bai san ko ina salla ko ba na yi ba, koren fasfo kawai ya ji. Na san da yawa daga cikinku sun sha irin wannan. Na yarda misalin bai yi daidai ɗari bisa ɗari ba, domin ni ban sa rigar gwamnati na fito wakiltarta ba, ita kuwa 'yar wasa da tuta a ƙirjinta take fitowa. Amma a ƙarƙashin rigar nan akwai mutum, 'yar wani, wadda ban san abin da ke zuciyarta game da Gaza ba. Addininmu ya koya mana cewa ba a kama wani da laifin wani, ya kuma gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu kauce wa adalci. Ba a ɗora mana wannan don masoya ba, ai yi wa masoyi adalci ba ya buƙatar gargaɗi.

Wanda ya ƙirƙiro judo a Japan a 1882 sunansa Jigoro Kano, ko da yake ba Bakano ba ne. A tsarinsa, da gaisuwa ake farawa, da ita ake rufewa. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa kallon kokawar gargajiya a Maraɗi ko Sakkwato ya san cewa ɗan kokawa na ƙwarai, in ya kai abokinsa ƙasa, yakan miƙa hannu ya tashe shi. Gaisuwar ba tana nufin na yarda da sarkin garinku ba ne. Tana nufin na amince ka damƙa mini jikinka na damƙa maka nawa, kuma ba wanda ya ci amanar wani. Wanda ya yarda ya riƙe kwalar mutum minti huɗu suna gumi tare, sannan ya ce hannunsa ne ba zai taɓa ba, ya ci naman ne ya ce romon haramun.

Saboda haka amsar da na ba ƙanwarmu ta Maraɗi ita ce: yaƙi da tuta aikin taro ne. A matsa wa gwamnatoci da hukumomin wasanni su auna kowace ƙasa da mudu ɗaya, a yi rubutu, a taimaka wa mutanen Gaza da abin da ke aljihu. In lamirinki ya ce ki janye, ki janye a fili ki faɗi dalili, kada ki fake da ciwon ƙarya. In kuwa kin hau tabarma, ki yi iya ƙarfinki ki kayar da ita, sannan ki gaishe ta.

Ɗan uwana Bakatsine bai gamsu ba, kuma har muka rabu a tashar jirgin ƙasa yana cewa zai rubuto martani. Ina fatan edita zai ba shi fili. Allah Ya kawo wa mutanen Falasɗinu ɗauki, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya kuma maishe mu gida lafiya da ilimi mai amfani. Wassalam.