Biri Ya Yi Kama da Mutum

Hausawa kan ce biri ya yi kama da mutum idan zargi ya fara kama hanyar gaskiya. Ni kuwa zan ɗauki maganar a zahirinta, in tambaya: wannan kama da ke tsakaninmu da biri, nauyi take ɗora mana, ko izini take ba mu?

Abin da muka aikata ya nuna izini muka ɗauke ta. A dazuzzukan arewa maso yammacin Kolombiya akwai wani ɗan biri mai farin tukku, ana ce masa tamarin, nauyinsa bai wuce rabin kilo ba. Yana kamuwa da wasu cututtuka irin namu, har da ciwon dajin hanji. An kwashi tsakanin 20,000 da 30,000 zuwa ɗakunan binciken Amurka kafin Kolombiya ta hana fitar da su a 1974. A 2008 aka sa shi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. A nan gida ma, jan birin da ake ɗaure wa igiya a ƙugu, a sa masa riga, a zaga da shi kasuwanni yana rawa, laifinsa kawai ya iya kwaikwayonmu.

Sai dai ban yarda a yanke hukunci ba tare da an saurari manomi ba. Mutumin Zauro ko Argungu da ya tarar birai sun karya masa masara ba zai ji wa'azin tausayi ba, kuma yana da hujja, domin abincin iyalinsa ne a ƙasa. Amma wa ya fara shiga gonar wani? Dajin da muka sare don itace da gawayi shi ne rumbun biri.

Kolombiyawa sun fahimci haka. Shirin Proyecto Tití, wanda aka fara a 1985, bai tsaya ga hani ba. Ya yaɗa murhun yumɓu mai cin itace kaɗan, matan ƙauyuka kuma suka shiga saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji suna sayarwa. Da aka rage wa mutum buƙatar daji, sai aka rage wa biri barazana.

Saboda haka nake rarrabe abu biyu. Korar biri daga gona lalura ce; ɗaure shi don a yi dariya zalunci ne, ko da mai igiyar abinci yake nema. Hadisi ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Idan kyanwa na da wannan haƙƙi, ina ga mai yatsu irin namu, mai rungume ɗansa kamar yadda muke yi?

Kama amana ce. Amma wanda duk ke son a sauke ta, sai ya fara nema wa manomi da mai wasa da biri mafita, domin ciki da yunwa ba ya riƙe amana.