Wa Ke Da Ikon Gyara Labari?

Idan masaƙi ya saƙa zane ya sayar, mai saye yana da ikon ya yanka shi ya ɗinka abin da ya ga dama, ba mai ce masa don me. To, labari fa? In mutum ya tsara labari ya watsa shi cikin duniya, jama'a suka karɓe shi hannu biyu, ko wani daga cikinsu yana da ikon ya sa almakashi ya rage nan, ya gyara can, don yana ganin haka ya fi daɗi? Wannan magana ta tashi a ƙasar Amurka a kan wani fim, kuma ta isa a tsaya a auna ta da hankali.

A shekarar 1977 wani Ba'amurke mai suna George Lucas ya fito da fim ɗin da ake kira Star Wars, watau Yaƙin Taurari. Labari ne na ƙirƙira, na waɗansu mutane masu yawo da jirage tsakanin duniyoyi, suna yaƙi da wata azzalumar daula. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, aka bi shi da na biyu a 1980, da na uku a 1983. Sa'an nan aka yi shiru shekara 16, sai a 1999 Lucas ya fito da wani sabo mai ba da asalin labarin. Mutane suka yi cincirindo a gidajen sinima, amma da yawa suka fito ransu bai yi daɗi ba. Suka ce surutu ya yi yawa, kuma wani ɗan barkwanci da ke ciki, Jar Jar Binks, ya cika wauta har yana ɓata wuraren da ya kamata a natsu.

Wani mai sana'ar haɗa fim, Mike Nichols, bai tsaya ga gunaguni ba. Ya zauna da kwamfutarsa ya datse kimanin minti 18, ya rage wautar ɗan barkwancin, ya zubar da zantuttukan da ke maimaita abin da ido ya riga ya gani. A farkon fim ɗin ya rubuta cewa wannan gyararre ne, ya faɗi dalilinsa. Bai sayar ba. Kafin ƙarshen 2001 aikin ya bazu hannu da hannu, a kaset da intanet, mutane da yawa suna cewa ya fi na asali armashi. Daga nan wannan al'ada ta yaɗu, har masu yinta suka kafa wa kansu ƙa'ida: kada a sayar, kuma kada mutum ya nemi gyararre sai ya mallaki na asali da kuɗinsa.

Masu ƙin wannan aiki suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lucas ya kashe shekaru da dukiya, ya ɗauki ma'aikata masu yawa, kuma doka ta ba shi haƙƙin abin da ya ƙirƙira. Mai datsa kuwa a kan gumin wani yake tsaye, gama rage abin da aka gama ya fi ƙaga shi sauƙi nesa ba kusa ba. Ban da wannan, abin da wani ya ga wauta ne, wataƙila shi ne ya sa yaro dariya, alhali kuwa an yi fim ɗin har da yara. In kowa zai yanke abin da bai gamshe shi ba, ba wanda zai koyi haƙurin sauraron abin da ya saɓa wa ra'ayinsa.

Amma maganar tana da wata fuska. A 1997 Lucas da kansa ya koma ya sake fasalin finafinansa uku na farko. Akwai wani wuri inda jarumi Han Solo, ɗan fasa-ƙwauri, yake zaune a mashaya, wani maƙiyi mai suna Greedo ya auna shi da bindiga. A fim ɗin 1977 Han ne ya harbe shi ta ƙarƙashin tebur ba tare da jira ba. A na 1997 aka juya, Greedo ya fara harbi ya kuskure, sa'an nan Han ya rama. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba, amma ya taɓa zuciyar labarin. Han ya fara ne a mutum mai son kuɗi wanda bai damu da kowa ba, ya ƙare da komowa ya ceci abokansa. In an wanke shi tun farko, tubansa na ƙarshe ba shi da nauyi. Garin neman gira aka rasa ido.

Lucas ya ce ƙarancin kuɗi da na'urorin wancan lokaci ne suka hana shi cika burinsa, saboda haka sabon shi ne na gaskiya. Wannan haƙƙinsa ne. Abin da ya dami mutane shi ne an janye tsohon daga kasuwa. An ɗan fito da shi a faifai a 2006, amma daga wani tsohon kwafi na 1993 mai dishi-dishi. Shi ya sa wani malamin Turanci a ƙasar Cek, Petr Harmáček, ya tattara tsofaffin faya-fayai ya dinga harhaɗa su hoto bayan hoto, har a 2011 ya fito da fim ɗin kusan yadda aka fara ganinsa. Ashe a nan ɗan kallo ne ya zama mai tsaron asali. Abin mamaki kuwa, a 1988 Lucas ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka yana roƙon a kare tsofaffin finafinai daga masu sāke su, domin gādo ne na jama'a duka.

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin hanyar fita daga irin wannan. Suna da abin da ake kira tahamisi: mawaƙi ya ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti ta zama ƙwar biyar. Haka Isa ɗan Shehu ya yi wa waƙar Tabbat Haƙiƙa. Mai tahamisi ba ya share ɗangon mai waƙa, ba ya kuma ɓoye sunansa. Haka mai taƙaita babban littafi yakan ce wannan taƙaitawa ce, babban yana nan ga mai son zurfafawa.

Da wannan ma'auni za a auna masu gyaran fim. Ba a tambayar hannun wa ke riƙe da almakashi, sai dai a tambayi abu biyu: an faɗi gaskiya cewa gyara ne? An bar na asali inda kowa zai iya samunsa ya gwada? Wanda ya cika waɗannan, bai kuwa ci riba da gumin wani ba, ya yi sharhi ne kurum, irin na mai cewa gyara kayanka, wanda bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya sayar, ko ya laƙa wa mai labari abin da bai faɗa ba, ya ci amana. Mai labari kuma yana da ikon ya sake aikinsa sau goma, amma bai kamata ya binne na farko ba, domin tun ranar da ya kira jama'a suka biya suka kalla, suka haddace, suka ba 'ya'yansu labari, su ma sun sami rabo a ciki.

Darasin bai tsaya ga fim ba. Duk wanda ya iya karatu da rubutu, wata rana za a ba shi wasiƙar wani ya karanta, ko saƙon wani ya isar, ko tarihin gidansu ya rubuta. Zai ga inda zai so ya gyara don magana ta yi daɗi. Ya gyara in ya ga dama, amma ya ce nan maganar mai ita ta tsaya, nan tasa ta fara.