Bulus Bai Yi Shiru Ba

Sa'ad da aka ɗaure Bulus za a yi masa bulala, ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma (Ayyukan Manzanni 22). Neman adalci ba rashin bangaskiya ba ne.

Mu mazauna Sabo da Akinyele ba mu manta rikicin kasuwar Shasha na 2021 ba. An kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a 1995 domin jin kukan wanda aka zalunta: tana karɓar ƙorafi kyauta, tana bincike, tana ziyartar wuraren tsare mutane. In an tsare maƙwabcinka ba bisa doka ba, Kirista ne ko Musulmi, raka iyalinsa wurinta. Ubangiji ya ba mu ƙarfin zuciya. Amin.