Tsakanin Nadama da Raunin Zuciya

Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a shekarar 2019 ta mayar da sunan gidajen yarin Nijeriya gidajen gyaran hali, kuma tun kafin nan gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta biyu, wadda ta mulki Kano daga 2011 zuwa 2015, ta kafa makarantar gyaran tarbiyya a Ƙiru domin matasan da shaye-shaye ya ɗaiɗaita. Duka sunayen biyu sun yi alkawarin gyara ba tare da sun fayyace abin da ya lalace ba, alhali mai laifi yakan fito da ciwo iri biyu waɗanda maganinsu ya sha bamban.

Na farko shi ne nadama, wato zafin da mutum yake ji saboda abin da ya aikata, wadda malamai suka sanya cikin sharuɗɗan tuba tare da barin laifin, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Na biyu shi ne raunin zuciya, wato tabon da firgici yake bari saboda abin da aka yi wa mutum ko abin da idonsa ya gani: dukan taron dangi a ranar kamu, ko azaba wajen tuhuma, ko shekarun jiran shari'a, wanda shi ne halin mafi yawan waɗanda ke tsare a Nijeriya. Alamominsa su ne mugun mafarki, da zabura ba dalili, da rashin barci, da saurin hasala. Tuba tana warkar da na farko, amma ba ta isa ga na biyu, domin ba a tuba daga abin da wani ya aikata. Saboda haka malamin da aka kawo wa matashi daga Bebeji ko Tudun Wada yana firgita cikin dare, ya ce masa ƙarancin imani ne, ya ɗora masa laifi a inda ba shi da laifi, ko da kuwa niyyarsa alheri ce.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a ilimin Musulunci. Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya nuna a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus cewa tsoro da fushi da baƙin ciki cututtuka ne na rai da ake jinyarsu kamar na jiki, wasu da magana mai taushi, wasu kuma sai an haɗa da magani.

Akwai ƙalubale mai nauyi da bai kamata a kauce masa ba. Manomin Doguwa da aka kore wa shanu zuwa dajin Falgore, ko aka sace masa ɗa domin kuɗin fansa, yana da damar tambayar dalilin da za a lallashi wanda ya cuce shi, shi kuwa babu mai tambayar yadda ya kwana. Gaskiyarsa ce, kuma shi ya fi cancanta a fara dubawa. Sai dai jinyar mai laifi ba ta kankare haƙƙi, hasali ma ita ce hanyar biyansa, tunda mutumin da hankalinsa bai kwanta ba ba zai iya tsayawa gaban wanda ya zalunta ya amsa laifinsa ba, balle ya nemi sana'ar da zai rama asara. Imamu Buhari ya ruwaito cewa an hukunta wani mashayin giya, wani daga cikin jama'a ya yi masa addu'ar wulaƙanci, sai Manzon Allah (SAW) ya hana, yana nuna cewa yin haka taimakon Shaiɗan ne a kansa. Hukuncin ya tabbata, ƙasƙancin da ya biyo baya ne aka hana. Gidajen mari da 'yan sanda suka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019, inda aka tarar da mutane cikin sarƙa, sun saɓa wa wannan ƙa'ida, domin sun ɗauki ƙasƙanci a matsayin magani.

A aikace, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau tafiyar sa'o'i ce daga Doguwa, kuma wanda ya fito daga kaso ba likita yake fara gani ba. Limamin unguwa da mai unguwa da kawunnansa ne suke karɓarsa, su ne kuma suke yanke ko za a ba shi aure, ko za a bar shi a sahun gaba, ko za a ci gaba da kiransa tsohon fursuna har ya tsufa. Su ya kamata ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su fara koya wa alamomin firgici, domin su san lokacin da wa'azi ya wadatar da lokacin da ya wajaba a nemi mota zuwa asibiti.