Sai Ka So Mutum Kafin Ka Yi Masa Adalci?

A 1894 kotun sojan Faransa ta ɗora wa Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahude, laifin sayar wa Jamus asiri, aka kai shi kurkuku a Tsibirin Shaiɗan. A 1896 wani hafsa, Picquart, ya gane cewa Esterhazy ne ya rubuta takardar da aka kafa shaida da ita. Manyansa suka ce ya yi shiru, ya ƙi, har aka kulle shi. Sai a 1906 aka wanke Dreyfus.

Da siliman J'accuse ya nuna labarin a 2019, masu kallo suka rabu. Waɗansu suka ce bai kamata a ɗaukaka Picquart ba, gama shi ma ba ya son Yahudawa. Waɗansu kuwa suka ce nan darajarsa take.

Na biyun sun fi gaskiya. Tsaya wa naka ba wuya. Amma adalci bashi ne, wajibi ne ka biya har ga wanda ba ka so. Duk da haka, ya mai karatu, ka tuna irin wannan ƙiyayya ce ta sa aka gaskata ƙarya tun farko. Mai son adalci, sai ya fara binciken zuciyarsa.