Yardar Mai Jin Kunya

Akwai ciwon da namiji kan faɗa a majalisa, akwai kuma wanda ko matarsa sai dai ta gane da kanta. Ƙarancin sinadarin mazakuta, wanda likitoci ke kira testosteron, yana cikin na biyun. Kasala ta rufe mutum, sha'awa ta ja baya, tsoka ta saki. Ƙiba kan jawo shi, haka ciwon suga, da hangum ɗin da ya sauka maraina, da yawan shan tiramadol. Ba a tabbatar da shi sai an ɗebi jini da safe an auna, an kuma maimaita. Amma manomin albasa a Goronyo ko mai shinkafa a fadamar Wurno ba kasafai zai bi layin asibiti da wannan magana ba. Ranar kasuwa zai jira, ya raɓa wajen mai lasifika, ya karɓi kwalbar da ba wanda ya san abin da ke cikinta.

To, a ce gobe likitoci su zo Rabah suna neman mazan da za su shiga gwajin maganin wannan lalura. Ya kamata mutum ya ba da jikinsa?

Da yawa za su ce a'a, kuma suna da hujja. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu zai yi.

Duk da haka ban ga laifin gwaji a kan kansa ba. Mai sayen kwalbar kasuwa ma gwaji ake yi da shi, sai dai babu mai rubuta sakamako. A Amurka an dakatar da wani gwajin testosteron da aka yi da tsofaffi 209, sakamakonsa ya fito a 2010: mutum 23 cikin masu shafa maganin sun sami matsalar zuciya ko jijiyoyin jini, 5 kacal cikin waɗanda aka ba man da babu magani a ciki. An gane haɗarin ne don ana ƙirga. A 2023 wani gwajin da ya haɗa maza fiye da 5,000 ya nuna maganin bai ƙara bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, amma ya ƙara rikicewar harbin zuciya da daskarewar jini a huhu. Duk likitan da ya rubuta maganin nan a Sakkwato yau, jikin waɗancan mutane ya ara. Wanda ya shiga da saninsa ya yi wa na baya alheri.

Abin da ke damuna shi ne kalmar "saninsa". Mai ɓoye ciwo ba ya tambaya. Yana so a gama da shi kafin wani ɗan unguwa ya hango shi, don haka duk takardar da aka miƙo zai dangwala mata yatsa. Ga magani kyauta, ga kuɗin mota. Idan ba a zaunar da shi an gaya masa da Hausa cewa wataƙila ya faɗa rukunin da ba za a ba maganin ba, kuma yana iya fita ranar da ya so ba tare da an juya masa baya a asibiti ba, to kunyarsa ce ta sa hannu.

Sannan ga batun haihuwa. Testosteron da aka ba mutum daga waje yakan sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ya wadatu, ta daina aika wa maraina umarni, ƙwayoyin maniyyi su ragu, wani lokaci su ɗauke gaba ɗaya na watanni. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada shi a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza. Ƙarfin da mutum ya je nema yana iya dawowa, ciki kuma ya ƙi shiga. Mun san wadda dangin miji za su fara kallo. Ita za a kai wajen malami, ita za a sha yi wa gorin juya, wataƙila har a yi mata kishiya a kan abin da ba ta san an yi ba.

Dokar bincike ta ce yardar mai jikin ta isa, kuma sirrinsa haƙƙinsa ne. Na yarda likita ba zai tona ba. Amma a gidan da ake jiran haihuwa, ina ganin wajibin mijin ne ya faɗa wa matarsa kafin allurar farko, wajibin likitan kuma ya tambaye shi ko ya faɗa. A takardar yardar, gurbin sa hannun mijin kaɗai ake bari.