So Hana Ganin Laifi

Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Galibi akan kawo wannan magana a kan uwa da ɗanta, ko saurayi da budurwarsa, amma ban ga inda ta zauna daram ba kamar tsakanin mawaƙi da masoyansa. Uwa ta san halin ɗanta sarai, rufa masa asiri kawai take yi. Masoyin mawaƙi kuwa, sau da yawa ko gaisawa bai taɓa yi da gwaninsa ba, amma zai rantse maka cewa bakin nan bai taɓa furta kuskure ba.

Ni mutumin Shata ne, ba na ɓoyewa. Na yi imani har zuciyata cewa ƙasar Hausa ba ta yi mawaƙin da ya kai Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ƙaga waƙa nan take ba. Ka saurari yadda makaɗansa ke matse kalangu a hammata, sauti ya hau ya sauka, 'yan amshi su riƙe gindin waƙa gam, shi kuma ya yi ta ɗora baituka, wani bai yi kama da wani ba. Wanda ya natsu ya ji waƙarsa ta Bakandamiya ya san abin da nake faɗa. Ba banza ba Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma tun da ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, muryarsa ba ta bar gidajen rediyo da motocin haya ba.

To, amma harshen da ya iya yabo shi ne ya iya zambo, kuma zambon Shata da zafi. Wanda ya faɗa bakinsa, har 'ya'ya da jikoki sai sun ɗanɗana, domin faifai ba ya mantuwa. Akwai kuma waƙarsa ta "A Sha Ruwa", wadda malamai da iyaye da dama ba su taɓa yarda da saƙonta ba. Ka tayar da zancen nan a teburin mai shayi ka gani. Wani zai ajiye kofinsa ya ce, "Haba Malam, ai Shata ne!" Shi ke nan, a wurinsa an gama magana. Sunan gwani ya zama hujja, kunne yana ji amma hankali ya tafi hutu. Wannan makantar ce karin maganar ke nufi.

Ɓarnar irin wannan so ba ta tsaya nan ba. Idon da ya ƙi ganin laifin gwaninsa, shi ne ke ƙin ganin alherin gwanin wani. Sai ka ji ana musu har jijiyar wuya ta tashi: Shata ne gaba ko Ɗanƙwairo? Alhali kowa da fagensa. Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa makaɗin fada ne, ya san yadda ake jera nasabar sarki da kirarinsa, kamar yadda Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Ahmadu na Isa. Ɗan Maraya Jos kuwa shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha. Wanda ya toshe kunnensa ga waɗannan don kishin mutum ɗaya, kansa ya cuta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda lamarin ya koma a yau. Musun da ake yi a majalisa a tashi ana dariya, yanzu a Facebook da TikTok ake yinsa, da zagin iyaye da tonon silili, a kan mawaƙi ko ɗan fim da bai ma san ana yi ba. A lokacin zaɓe abin ya fi muni. Mawaƙi ya sauya jam'iyya, sai ka ga matashi ya sauya ra'ayi tare da shi, wanda ya yaba jiya ya zage shi yau, ba don ya ga wani sabon dalili ba sai don kiɗa ya yi daɗi. Mawaƙi sana'arsa yake yi, an biya shi. Kai da ka miƙa masa ƙuri'arka da zumuncinka, me aka biya ka?

Magabata ba su ce a daina so ba. Sun dai faɗa mana cutar da ke tattare da shi don mu yi hattara. Mutum tara yake bai cika goma ba, kuma baiwa ba ta mayar da mai ita ma'asumi. Ina son Shata, zan kuma sa wa 'ya'yana waƙoƙinsa don su ji Hausa tsantsa. Amma idan muka zo kan baitin da ya ci mutuncin wani, zan gaya musu cewa nan gwanina bai kyauta ba, Allah Ya gafarta masa. Yaron da ya ji haka daga bakin mahaifinsa zai tashi yana son fasaha ba tare da ya sayar mata da hankalinsa ba.